Ranar da Aka Share Tsakar Gida

Waƙa ce ta fara ɓacewa daga bakin Cakwai. Yarinyar da aka laƙaba wa cakwaikwaiwa tun tana tatata, saboda ko kaza ce ta gifta sai ta tambaye ta ina za ta, ita ce yanzu take wuni a bakin ƙofar ɗakinsu da yatsa a baki tana kallon wuta. Shekararta huɗu. Uwarta ce kaɗai ta damu da wannan shirun. Sauran mutanen gidan cewa suka yi kunnuwa sun huta.

Gidan ɗaki uku ne da tsakar gida, kuma tsakar gidan ita ce wurin sana'a. Yaya Babba, wan uban Cakwai, yana sayo matattun batiran mota, a fasa su da gatari, a tsiyaye ruwan a kwata, a zuba farantan ciki a kasko bisa gawayi har dalmar ta narke, a juye ta sanduna-sanduna a kai wa masu saye. Uban Cakwai, wanda kowa ke kira Ƙarami, shi ne mai fasawa, shi ne mai zuga wuta, shi ne mai kwasar toka. Aikin Yaya Babba tsayawa ne a inuwa da nuni da yatsa. Iya, mahaifiyarsu, tana ɗakin ƙurya. Ɗakin Ƙarami kuwa tagarsa tana kallon kaskon ido da ido. Ɗaki na uku na Yaya Babba ne a da, amma tun da matarsa ta haihu ya kama musu haya a wata unguwa, wai ɗakin ya yi musu kaɗan. Yanzu batira ne jibge a ciki.

Ƙurar sana'ar toka-toka ce, ba ta da wari bayan wuta ta mutu. Tana kan murfin randa, tana kan igiyar shanya, tana cikin gashin Cakwai da ƙarƙashin faratanta. Maman Cakwai takan share da safe, kafin rana ta take ta dawo.

A cikin wannan hali wata mata ta shigo unguwar. Dattijuwa ce, furfura ta fara leƙowa daga ɗankwalinta, takalminta na roba ne irin na masu yawan tafiya. Daga jami'a take, aikinta nazarin yadda mutane ke rayuwa a gidajensu da abin da wurin zamansu ke yi wa lafiyar 'ya'yansu. Ta fi shekara ashirin tana wannan yawo. Ta zauna da masu jima a bakin rafi, ta zauna da masu tsintar bola, ta zauna da matan da ke girki a ɗakin da ba taga. Ba ta tambayar mutum ko ɗansa yana ciwo. Sai dai ta ce, a ina kike shanya? A ina yaron yake zama idan kina girki? Wa yake wanke kayan aikin maigida, kuma a wane baho? Kafin mako ya zagayo unguwa ta sa mata suna Mai Tambaya.

Tana tafe da wata nas mai ɗan akwati. Nas ɗin takan tsikari yatsan yaro, ta ɗiga jinin a na'ura, na'urar ta nuna yawan dalmar da ke jikinsa. Yaron da aka samu abin ya yi masa yawa, a kai shi asibiti a ba shi magani kyauta. Sai dai Mai Tambaya tana da ƙa'idar da ba ta taɓa karyawa ba: ba ta shiga gida sai da iznin maigida, kuma sai ta faɗa masa ranar da za ta zo. Takan ce mutane ba dabbobi ba ne da za a faɗo musu a garke. Gaskiyarta ce, amma wannan ƙa'idar ce aka ɗauka aka yi wa Cakwai tarko da ita.

Da ta nemi izni a ƙofar gida, Yaya Babba har da rusunawa.

"Malama, ai gidanki ne. Jibi da hantsi muna nan."

Washegari ba a kunna wuta ba. Aka ɗora kasko da zugazugi a baro aka kai gidan wani abokinsa. Aka kulle ɗakin batira, aka rataya labule a kan ƙofar. Maman Cakwai ta wuni a durƙushe tana dirje siminti da toka da sabulu har tafin hannunta ya tsage. Baƙin da'irar da murhu ya bari ta ƙi fita, sai aka shimfiɗa tabarma a kanta. Ita duk wannan bai dame ta ba. Murna take yi a ranta za a duba 'yarta, har ta wanke mata rigarta mai fure.

Da safiyar ranar zuwan Mai Tambaya sai ga Yaya Babba riƙe da hannun tasa 'yar, wadda ake kira 'Yar Lele. Sa'ar Cakwai ce, kumatu cike, fata sai sheƙi.

"Wannan za ki riƙe," in ji shi. "Idan an tambaya, 'yarki ce. Waccan ta zauna ɗakin Iya har su tafi."

Maman Cakwai ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Yaya, ai Cakwai ce ba ta da lafiya."

"Shi ya sa. Suna ganinta za su ce sana'ata ce, gobe a turo a rufe min wuri. Idan aka rufe, ke za ki ciyar da gidan?"

Ta juya wajen Iya. Tsohuwar tana gyara zaman tabarma, ba ta ko ɗago ba.

"Ke ma dai, 'yar nan. A fito wa baƙuwa da yarinya duk ƙashin wuya, a ce ba ma ba ta abinci? Ki rufa mana asiri. Tsutsar ciki ce, na gaya miki, duk yara suna yi."

Ta juya wajen mijinta. Ƙarami ya sa riga mai tsabta, ya ɓoye hannuwansa a aljihu saboda baƙin da ya ƙi wankuwa.

"Yaya ya fi mu sanin mutanen nan," ya ce. "Ki yi yadda aka ce."

Haka aka ɗauki Cakwai da rigarta mai fure aka kai ta ƙurya aka ja ƙofa. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi ƙona wa uwar rai, domin da can da ta tara musu unguwa.

Mai Tambaya ta shigo ta gaisa da kowa, ta zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa a tsakiyar rana alhali ga inuwa a gefe. Ta dubi simintin da bai gama bushewa ba. Ta dubi bangon da hayaƙi ya yi wa baƙi har sama da tagar ɗaki. Sannan ta dubi yarinyar da ke zaune a cinyar Maman Cakwai a miƙe kamar an ɗora ta a kujerar aski, idonta na kan Yaya Babba. Da nas ta tsikari yatsanta, yarinyar ta zame ta ruga wajensa tana kuka.

"Tana son baffanta," in ji Iya da sauri.

Na'ura ta nuna jini lafiya lau. Yaya Babba ya yi hamdala da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

"Akwai wani yaron a gidan?" in ji Mai Tambaya.

"Babu, ita kenan Allah ya ba su," in ji Iya.

Mai Tambaya ba Iya take kallo ba. "Ƙanwata, ke nake tambaya."

Maman Cakwai ta ji idanun mutum uku a kanta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ita kenan."

Mai Tambaya ta nemi a bar ta ta kankari 'yar ƙura daga bakin taga. Yaya Babba ya yi dariya ya ce iznin jini aka nema, shi aka bayar. Ba ta yi gardama ba. Da za ta fita ta tsaya ɗaura igiyar jakarta a kusa da Maman Cakwai, ta ce a hankali, "Muna tsohuwar makarantar bayan kasuwa har ƙarshen wata. Ba sai da maigida ake zuwa ba."

Kafin la'asar kasko ya dawo. Aka ninka aikin don a rama kwana biyun da aka rasa.

Daga nan abin ya riƙa gangarowa. Cakwai ta daina cin abinci sai an matse ta, idan ta ci ta amayar. Takan riƙe ciki ta duƙunƙune a ƙasa. Ta fara tuntuɓe a inda ba komai. Wata rana uwarta ta miƙa mata kofi, ta kai hannu gefensa ta damƙi iska. Kalmominta suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka zo ba ta da sauran abin faɗi sai "Mama" da "ruwa". Iya ta jiƙa mata saiwar magani ta ce tsutsa ce mai taurin kai. Da saiwar ba ta yi ba, ta ce ai uwar ce ta yaye ta da wuri.

Maman Cakwai ta tari mijinta yana wanke ƙafa.

"Ka bar ni in kai ta wajen matar nan."

"Ki kai ta ki ce me? Ki ce mun yi ƙarya?"

"Ai mun yi."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ta, sai hannun ya saki daga wuyansa ya langaɓe. Kwanan nan haka yake yi masa, ga ciwon kai, ga saurin fushin da ba halinsa ba ne. Ya dubi hannun, ya mayar aljihu.

"Ni ma a cikin ƙurar nan nake wuni, ga ni a tsaye. Idan Yaya ya kore ni, ina na nufa da ku? Ki yi haƙuri, zai wuce."

Ranar da jijjiga ta kama Cakwai da tsakar rana, idanu suka juye, haƙora suka datse, uwar ba ta nemi iznin kowa ba. Ta saɓa ta a kafaɗa ta fita ba takalmi, Iya na kiranta tana tambayar ina mayafinta.

Mai Tambaya na ganinta ta miƙe. Ba ta ce mata komai game da ƙaryar ba. Nas ta ɗiga jinin, ta dubi na'urar, ta sake gwadawa da wani yatsan. Abin ya wuce iyakar da na'urar ke iya aunawa. A motar jami'a aka kai su asibiti, Mai Tambaya na riƙe da ƙafafun yarinyar.

Likita bai yi musu rufa-rufa ba. Ya ce maganin zai janye dalmar daga jini, amma abin da ta riga ta ci a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Ya ce da an kawo ta makonni kaɗan da suka wuce, da an tsira da abu mai yawa. Ya ce kuma idan aka mayar da ita cikin ƙurar, maganin ya tashi a banza.

A barandar asibitin Maman Cakwai ta ce, "Malama, kin gane ranar nan, ko?"

"Na gane tun kafin in zauna."

"To me ya hana ki buɗe ƙofar?"

Mai Tambaya ta ce, "Idan na tura ƙofar gida ɗaya, unguwar nan gaba ɗaya za ta rufe min tata. Akwai yara a sauran gidajen. Haka nake gaya wa kaina a duk inda na je." Ta murza idonta da bayan hannu. "Wani lokaci gaskiya ne. Yau ban sani ba."

Washegari ta koma gidan, wannan karon ba ta faɗi rana ba. Ta tarar da wuta na ci, Ƙarami a kan zugazugi, hayaƙi na shiga tagar ɗakinsa kai tsaye. Yaya Babba ya tare ta a bakin ƙofa, babu rusunawa.

"Malama, ke da kanki kika zo da na'urarki kika ce gidana lafiya lau. Ko ba ki faɗa ba?"

"'Yarka na gwada."

"Wa ya ce? Uwar ce ta ce miki 'yarta ce, a gaban nas ɗinki. Ni ban buɗe baki ba."

"Me ya sa ka kwashe iyalinka daga gidan nan?"

"Ɗaki ne ya yi kaɗan. Ko shi ma laifi ne a jami'arku?" Ya nuna kaskon da haɓa. "Wannan da kike gani shi ke ciyar da tsohuwa, shi ya yi wa Ƙarami aure, shi ke sayen saiwar da ake ba yarinyar. Ke za ki gama rubutunki ki shiga mota ki tafi. Mu muna nan. Cuta kuma ta Allah ce, yaran da ba su taɓa ganin batir ba ma suna jijjiga."

Iya ta leƙo daga ƙurya ta ce tun ranar da aka shigo musu da allura gida yarinyar ta rikice.

Mai Tambaya ta kai magana ofishin kula da muhalli. Ta je sau ɗaya, ta koma, ta sake komawa, har suka gaji da ganinta suka ce za su turo jami'i. Jami'in mutum ne mai ladabi, shi ma ya aiko ya faɗi ranar da zai zo. Aka sake ɗora kasko a baro. Da yake Maman Cakwai tana asibiti, Iya ce da kanta ta durƙusa ta dirji simintin, tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa. Jami'in ya zauna a kan tabarmar nan, ya sha ruwan sanyi, ya ji cewa har malamar jami'a ta gwada ta samu gidan lafiya. Ya yaba da tsabtarsu ya tafi.

Da aka sallami Cakwai, uwar ta wuce da ita gidan wanta. Ɗaki ɗaya ne da shi da matarsa da yara biyar. Suka karɓe ta da fara'a, bayan mako fara'ar ta ƙare. Wan ya zaunar da ita ya ce mace ba ta barin ɗakinta saboda ciwon yaro, ga shi kuma tana da ƙaramin ciki, wa zai riƙe ta da biyu? Shi da kansa ya ɗauko mata ƙullin kayanta ya rako ta har ƙofar gidan, ya ba Yaya Babba haƙuri a kan fitar da ta yi ba izni.

Wa'adin binciken ya ƙare, kuɗin da aka ba jami'a na unguwar nan kaɗai ne, kuma an riga an tura Mai Tambaya wani gari inda ake niƙa duwatsu a cikin gidaje. Ta zo sallama a bakin titi, domin an hana ta ƙofar. Ta kawo sabulu da tabarmar roba. Ta ce a riƙa wanke wa yarinya hannu kafin ta ci abinci, a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a rufe tagar. Tana faɗa muryarta na raguwa, domin ta san ɗakin, ta san idan aka rufe tagar ba mai iya numfashi a cikinsa.

"Za ki rubuta labarinta?" in ji Maman Cakwai.

"Zan rubuta."

"Waɗanda kika rubuta a baya, an rufe wuraren?"

"Wasu." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Kaɗan."

Ta shafa kan Cakwai, yarinyar ba ta juyo ba. Motar ta tashi.

Yanzu Cakwai ba ta cewa ko "ruwa". Tafiyarta jan ƙafa ce, kuma duk abin da ta samu bakinta take kaiwa. Uwar takan ɗaure ta a baya ta yi aiki, amma ciki yana girma, bayan ba ya ɗauka. Sai ta ajiye ta a kan tabarmar roba, kafin ta juya yarinyar ta gangara zuwa inda ta saba zama, bakin ƙofa, kusa da tokar. Iya takan gaya wa masu zuwa dubiya cewa lafiyarta ƙalau aka ɗauke ta, asibiti ne suka mayar da ita haka.

Wata rana da hantsi matar Yaya Babba ta zo gaishe da Iya, ta taho da 'Yar Lele. Manya suna gaisawa, yarinyar ta sulale ta zo wajen Cakwai ta tsuguna. A cikin tokar akwai 'yan ɗigon dalma da suka daskare, masu ƙyalli kamar duwatsun ado. Ta tsinci ɗaya tana juya shi a rana, ta nufi baki da shi.

Ba wanda ya taɓa ganin Yaya Babba ya yi gudu sai ranar. Ya tsallake tulin batira, ya doke hannun, ya fizge ta sama. Ya kai ta bakin randa ya wanke mata hannu da sabulun da Mai Tambaya ta kawo, ya ɗauraye, ya sake wankewa, ya buɗe bakinta ya leƙa.

"Ban hana ki taɓa ƙasar gidan nan ba?" Ya juya kan matarsa. "Ke kuma sau nawa zan gaya miki kada ki ajiye min ita a nan? So kike ta zama kamar waccan?"

Kowa ya ji. Iya ta ji, ta mayar da kai ɗaki. Maman Cakwai ta ji, tana tsaye da jiƙaƙƙen tsumma a hannu. Ba Yaya Babba ta duba ba, mijinta ta duba, ta daɗe tana dubansa. Ƙarami ya saki zugazugin. Ya dubi wansa, ya dubi 'yarsa da ke zaune a toka tana tsotsar yatsa, bakinsa ya motsa kamar zai yi magana.

Yaya Babba ya miƙa 'Yar Lele ga uwarta ya ce su jira shi a waje. Ya goge hannunsa a riga, ya leƙa kaskon.

"Zuga mana," ya ce. "Wutar za ta mutu."

Ƙarami ya sunkuya ya kama zugazugin da hannun da ke da sauran ƙarfi.